Takalmin Gayya

Shekaranjiya, bayan ruwan nan da ya wuni yana zuba, wani magidanci ya shigo rumfata a kasuwar Kurfi yana neman takalmin gona. Ya ɗauki wani mai ƙyalli, ya juya shi, ya ce wannan ya yi mashi. Na zaro ƙayar aduwa daga naɗin hulata na soka a daidai idon sawu, ta shige kamar a gwanda nunanniya. Na ce ya ajiye, na miƙa mashi wani mummuna mai nauyi. Ya yi dariya, ya tambaye ni inda na koyi wannan dabara. Mutane na jira, na sallame shi. Amma tun daga ranar, warin danko da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka maida ni wata damina a Tamawa, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

A lokacin ina ƙaramin ɗan kasuwa, jaki ɗaya gare ni. Ina sayen ƙirgi da gyaɗa a ƙauyuka in kai Dutsin-Ma. Mahaifinmu ya rasu, gida ya koma wuyana: Inna, da matata, da ƙanena Ilu wanda ya yi aure a ranin nan. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ilu kuwa auta ne, shi take wa dariya a fili, shi take ɓoye wa ƙanzo.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Guga ya riƙa fitowa da laka. Da hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, muka gaji muka yi binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa. Aka yi yayyafi sau ɗaya, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Aka fita roƙon ruwa. Da ruwan ya zo, muka sake shuka da geron da ya kamata ya zama tuwo. Daga nan cin abinci ya koma sau ɗaya a wuni, da safe sai kunun tsamiya mai ruwa-ruwa wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Mata suka koma kan tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a kwaɗa da ɗan ƙuli idan an samu.

Ruwan kuma da ya tashi zuwa bai zo da wasa ba. Ya cika kowane rami, ya jiƙa kowane kogo a duwatsun da ke gabas da gari. Shekarar da ta gabata gyaɗa ta yi kyau, ɓeraye sun yi yawa, abin da ke cin ɓera shi ma ya hayayyafa ba mu sani ba. Da ruwa ya kore su daga ramukansu sai suka fito mana.

Kububuwa ce. Ba ta da girma, ba ta wuce kamu biyu ba, launinta launin ƙasa da tsakuwa. Ba ta gudu kamar sauran. In ta ji motsi sai ta naɗe, ta riƙa goga jikinta, ka ji wata ƙara kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Wani lokaci ma sai bayan ta gama aikinta kake jin ƙarar. Ba ma kama sunanta, igiyar ƙasa muke cewa.

Wata mata a unguwarmu ta fara. Ta je tsinkar tafasa a bayan gari, ta dawo da ƙafarta tana cewa ƙaya ce ta soke ta. Washegari dasashinta ya fara jini. Wanzami ya yi mata tsaga a wurin don a fitar da dafi, jinin tsagar ya ƙi tsayawa. Aka yi ta canza tsumma har ta cika. Bayanta wani manomi ƙaƙƙarfa, sai wata yarinya da ta sa hannu a tarin kara. Abin da ya fi razana mutane shi ne ba nan take take kashewa ba. Mutum yana zaune, yana magana, yana shan fura, kowa na kallonsa ya san yana tsiyayewa.

Gari ya canza. Kowace safiya sai an share tsakar gida tas, ba a barin ko tsinke. Ba a ɗaga tabarma sai da sanda. Mata kan bugi itace kafin su ɗauka. Aka barbaɗa toka a bakin ƙofofi. In kaza ta yi wani kuka daban, sai ka ga kowa ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa. Ni kaina akwai ranar da igiyar jakina ta shafi dunduniyata, sai gani na yi na tsinci kaina a kan turmi, matata na kallona ba ta ko yi dariya ba.

Makaɗin gangar noma ya rataye gangarsa. Gayya ta tsaya, ba mai shiga gona. Ciyawa kuwa ba ta tsoron maciji. Ta taso ta shaƙe gero, ganye ya fara ja, kowa ya san in aka ƙara kwanaki ba a yi noman farko ba, to, yunwar baɗi ta fi ta bana. Dattawa suna zama a ƙofar masallaci suna juya maganar, a tashi ba a yanke komai ba.

Wani gardi ya zo da magani, na saya. Na sha rubutu, na ɗaura laya, ban raina ko ɗaya ba. Amma ni mai ciniki ne, idona ya saba da duba kaya. Na lura duk waɗanda aka sara suna tafiya, daga idon sawu zuwa ƙasa ne, ko ɗan sama kaɗan. Da aka kashe wata a bayan rumbunmu, na sa tsinke na buɗe bakinta na dubi haƙoran. Sirara ne, ba su kai ƙayar aduwa tsawo ba, ba su kai ta ƙarfi ba. Na ce a raina, abin da ya tare ƙayar aduwa zai tare wannan.

Na gaya wa Inna zan tafi Dutsin-Ma neman takalmi mai dogon wuya. Da na zo ɗaura wa jaki kaya sai na tarar ta ɗaure akuyarta a jikin turken, akuyar da take tatsa tana ba mu ɗan nono. Na haɗa da ƙirgin da ya rage mini na kama hanya. Tsakiyar hanya na bi, jaki a gaba, ina taka inda ya taka.

A kasuwa na fara zuwa wurin wani tsohon soja mai sayar da kayan gwanjo. Takalminsa na soja ƙarfi kamar dutse, amma iyakarsa idon sawu. Ya ce da shi ya ratsa dazuzzukan da macizansu suka fi namu. Na ce na yarda, amma namu sun san inda takalminsa ya ƙare. Na je wurin dukawa, suka nuna mini huffi dogo mai kyan ɗinki. Na jiƙa gefensa da ruwan buta na soka ƙaya, ta wuce. Fata in ta sha raɓa laushi take yi, mu kuwa cikin raɓa za mu yi aiki.

A wani kanti na ga takalmin danko baƙi, irin wanda masu aikin hanya ke sawa, yana kaiwa ƙasan gwiwa. Iri biyu ne, wani sakayau mai sheƙi, wani mai kauri da zane a ciki. Da mai kantin ya ga na zaro ƙaya sai ya riƙe mini hannu, ya ce ba zan huda mashi kaya ba. Na ce a can saman baki zan gwada, inda ko ya hudu ruwa ba zai shiga ba. Mai sheƙin ya hudu. Mai kaurin na danna har ƙayar ta karye a yatsuna. Na bi shi da hannu daga sama har dunduniya, ina matsawa, don kada a ce wani wuri ya fi wani sirantaka. Sannan na zaɓi wanda ya fi ƙafata girma, don a cusa tsumma, ko haƙori ya shige ya tarar da iska kafin nama. Akuyar Inna da ƙirgina duka takalmin mutum ɗaya kawai suka saya.

Da na dawo aka yi mini dariya, dariyar farko da na ji a garin tun saukar ruwa. Wani ya ce na sayo ƙafar giwa. Wani dattijo ya tambaye ni ko takalmi ɗaya zai nome gonakin Tamawa. Na ce a'a, amma zai iya shiga gaba. Mutum ɗaya ya sa, ya riƙe doguwar gora, ya bi gona yana kaɗa ciyawa, yana juya duwatsu, yana tarwatsa tarin kara. Abin da ya fito a kashe. Masu fartanya su biyo baya a inda ya share. Yunwa ta fi ni iya lallashi, aka amince a gwada.

Gonar Malam Ɗanjuma aka ce za a fara, don ita ciyawa ta fi ci, tana gindin duwatsu. Malam Ɗanjuma shi ne surukin Ilu, uban matarsa Hajo, dattijo mai tsare gida wanda ba a cika jin muryarsa ba. Da Ilu ya ji haka sai ya ce shi zai sa takalmin. Gonar surukinsa ce, ba zai tsaya a baya wani ya shige mashi gaba ba. Inna ta so ta hana. Ta juya mini baya kamar yadda ta saba, ta yi magana da bango:

«A gaya wa mai takalmi, yadda ya fita da shi haka zai maido mani shi.»

Na zaunar da Ilu na yi mashi bayani dalla-dalla. Ya zazzage takalmin kafin ya sa. Kada ya cire don zafi, ko ƙafar za ta dahu. Kada ya cire in an kawo fura. In lokacin salla ya yi, sai an share wuri ƙwal. Kada ya sa hannu inda gora ba ta riga shi ba. Ya yi ta cewa to Yaya, to Yaya, yana tafiya a tsakar gida ƙwaf ƙwaf, Hajo na leƙensa tana rufe baki.

Da safe muka fita, an yi ruwa da asuba, rana ta fito da zafi mai ɗanɗano, tururi na tashi daga ƙasa. Ilu na gaba da gorarsa, mu muna biye a layi ɗaya. Makaɗi ya rungume gangarsa bai taɓa ba. Malam Ɗanjuma ya riga mu isa. Yana zaune a ƙarƙashin wani marke a bakin gona, kusa da tarin duwatsun da aka yi shekaru ana tsincewa daga cikin gonar ana zubawa a nan.

Ina kallo Ilu ya tsaya, ya jingine gora, ya sunkuya. Ya zare ƙafa ɗaya, ya zare ɗayar, ya jera takalman gefe guda a tsanake. Ya ratsa ciyawa da ƙafa tsirara, ya je ya durƙusa a gaban surukinsa.

Mun fi ashirin a wurin, ba wanda ya ce uffan. Idonmu bai ga wani abu ba daidai ba. Wa ke gaida suruki da takalmi a ƙafa? Tun muna yara, ko takalmin taya ne, daga nesa ake tuɓewa. Da ni ne, haka zan yi.

Sai na ji ƙarar, ruwa a kasko mai zafi.

Ilu bai motsa ba. Kansa na ƙasa, na ji shi yana cewa ina kwana Baba, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mutanen gida. Muryarsa ta ɗan yi rawa amma sai da ya kai gaisuwar ƙarshe. Ba ya iya ihu a gaban surukinsa. Tsohon ne ya ga abin yana sulalewa cikin duwatsu, ya miƙe zumbur, sandarsa ta faɗi, ya ce innalillahi. A gefen ƙafar hagu ta sami Ilu, ɗigo biyu kamar an soka allura.

Muka ɗauke shi a kan ƙyauren kara. Ban san wanda ya ɗauko takalman ba, na dai gan su a zaure daga baya. Inna ta fito ta dube shi, ta dubi ƙafar, ba ta dube ni ba. Wanzami ya zo ya buɗe zabira. Na tsaya a tsakani. Na ce duk wanda na ga an tsaga, ta tsagar ya ƙare, a ba shi duk abin da za a ba shi na sha, amma aska ba za ta taɓa shi ba. Dattawa suka yi mini ca. Na ce ƙanena ne, in ya mutu a ce ni ne. Kai shi asibitin Katsina kuwa ba hanya, rafi ya cika ya yanke, mota ba ta zuwa.

Ƙafar ta kumbura har cinya, ta yi baƙi tana sheƙi. Kowace safiya nakan kawo farar tasa in ce ya tofa. Ranar farko yawu fari. Washegari ja. Daga nan kullum ja. Wani ƙurji da ya warke a gwiwar hannunsa tun rani ya buɗe yana tsattsafo. Fitsarinsa ya koma kamar zoɓo. Idonsa ya yi fari, leɓɓansa suka bushe, yana ta neman ruwa. Hajo na zaune a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu. Ni kuma kullum safiya sai na ɗauki tasar nan na duba. Na yi ciniki da mutane masu wuya a rayuwata, ban taɓa jin tsoron duba wani abu kamar gindin tasar nan ba.

Inna ta daina cin nata rabon, tana dama mashi. Da gari ya waye takan taɓa goshinsa ta ce, to, mun ga ta yau. Ba ta ƙara komai a kai.

Ana cikin haka wata safiya aka yi sallama, sai ga Malam Ɗanjuma. Suruki ba ya shiga ɗakin mijin 'yarsa, a zaure ake tsayawa a aika da gaisuwa. Shi ya wuce zaure, ya zo ƙofar ɗakin, ya tuɓe takalminsa ya shiga. Ilu ya yi yunƙurin tashi ya durƙusa. Tsohon ya dafa ƙirjinsa ya maida shi. Ya daɗe zaune a gefensa. Da zai fita ya tsaya kusa da ni, ya ce gero na mutuwa, nasa da na kowa, a maido gayya gobe. Sannan ya ce:

«Kai za ka sa abin nan. In ka zo, kada ka kuskura.»

Washegari na zazzage takalmin na sa. Tsumman da Ilu ya cusa yana nan ciki. Mutane sun ragu, amma an fito. Da muka isa, tsohon na zaune a wurin nan dai, an share ƙarƙashin marken ƙwal. Na zo daidai inda Ilu ya tsaya, wallahi sai na ji hannuna ya tafi ƙafata da kansa. Tsohon nan da ba a jin muryarsa ya daka mini tsawa har makaɗi ya zabura:

«Bar shi! Na yafe. Duk mai abu a ƙafa ya bar shi, har a yi girbi. Ku gaishe ni a haka.»

Na je na durƙusa da takalmi, dankon na ƙara, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na gaishe shi, ya amsa, na ɗauki gora na shiga.

Zafin cikin takalmin nan ba a magana. Gumi ya taru har ina jin yatsuna na iyo. Ina kaɗa ciyawa, ina juya duwatsu. Muka kashe biyu kafin hantsi. Makaɗi ya fara taɓa ganga a hankali, fartanyoyi suka fara sauka a bayana. Can wajen tsakiyar gona na ji an ƙwanƙwasa mini ƙafar dama, kamar yaro ya jefe ni da tsakuwa. Na daskare. Ban iya duba ƙasa ba sai da na ji mutane sun rufe igiyar ƙasar da sanduna. A jikin dankon, sama da idon sawu kaɗan, ga ɗan ruwa rawaya yana gangarowa. Na fita inda aka share, na zauna, na zare takalmin, na warware tsumma. Mutane suka kewaye ni suna duban ƙafata. Babu komai sai gumi. Na yi ta shafa wurin, na kasa tashi, har wani ya miƙo mini fura na riƙe ban sha ba.

Aka gama gonar a ranar. Aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, takalmin na yawo daga ƙafa zuwa ƙafa. Ba mu ceci geron duka ba, amma an sami abin da ya kai mu wata damina.

Ilu kuwa, wata safiya na miƙa tasa ya tofa, na ga ja ya koma ruwan hoda. Ban gaya wa kowa ba, na ji tsoron baki. Washegari ya ƙara haske. Ranar da ya fito fari na kai wa Inna tasar na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba, ta ce in je in ci abinci. Ƙafar ba ta koma daidai ba, yatsu biyu sun tafi, ya yi ɗingishi har ƙarshen ransa. Ya ga jikokinsa kafin Allah ya karɓe shi.

Da kaka mutane suka fara ba ni saƙon takalmi in na tafi Dutsin-Ma, daga nan cinikin ya samo asali. Yanzu ga shi nan tuli a kowace kasuwa, ja da kore da shuɗi, mai kyau da na banza, yara na saye don ado. Asibiti ma ya matso, akwai allura in an yi sa'a. Kububuwa dai tana nan inda take.

Jiya na je duba gonata ta Tamawa, ina zaune a inuwa, sai ga mijin ƙaramar 'yata ya zo kawo mini saƙo. Yaron kirki ne, malamin makaranta, takalminsa ma a wurina ya saya. Ya hango ni daga bakin gona, ya tsaya cikin ciyawa, ya sunkuya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Masu noma suka ɗago suna kallona, shi kuma ya tsaya da hannu a kan dunduniya, ya rasa laifin da ya yi.

Na ce, «Taho a haka, Malam. Na yafe.»